Kyautar sassan jiki bayan rasuwa: abin da sabon zuwa Saudiyya ya kamata ya sani

Duk wanda ya samu igama, wato takardar izinin zama, a Saudiyya, ba zai daɗe ba za a ce masa ya sauke manhajar Tawakkalna a wayarsa, kuma idan ya duba ɓangaren lafiya a cikinta zai tarar da wurin yin rajistar bayar da sassan jiki bayan mutuwa. Yawancin mutanenmu sukan wuce wurin da sauri suna neman tsari, wasu kuma su danna ba tare da sun fahimci Larabcin da ke rubuce ba. Ko ɗaya bai dace ba, domin magana ce da ta shafi gawar mutum da suturarsa da kuma hankalin iyayensa da ya baro a Kano ko Maraɗi.

Da farko akwai abin da ake yi a Turai da Amurka, inda mutum yake sa hannu a takarda cewa idan ya mutu a kai gawarsa gaba ɗaya makarantar koyon likitanci, ɗalibai su riƙa feɗe ta suna koyon yadda jikin ɗan Adam yake, wani lokaci har tsawon shekaru kafin a binne ko a ƙone abin da ya rage. Wannan ba al'adar Saudiyya ba ce, kuma ba shi ake nufi a Tawakkalna ba. Majalisar Manyan Malamai ta ƙasar ta duba batun feɗe gawa tun shekarar 1976, ta halatta shi idan ana binciken laifi ko ana neman gano cutar annoba, amma ba ta yarda a feɗe gawar Musulmi domin koyarwa kawai ba. Hujjar da malamai suka fi dogara da ita ita ce hadisin Nana A'isha, wanda Abu Dawuda ya ruwaito, cewa karya ƙashin mamaci kamar karya shi ne yana raye. Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa da ke Makka ta ɗan faɗaɗa a 1987, amma da sharuɗɗa masu tsauri, ciki har da izinin mamacin tun yana raye ko na magadansa, da kuma binne dukkan sassan bayan an gama. Saboda haka kada wani ya tsorata ka da cewa idan ka rasu a asibiti za a miƙa ka ga ɗalibai.

Binciken gawa da hukuma ke yi idan mutuwa ta zo da shubuha, kamar kisa ko faɗowa daga gini a wurin aiki, shi kuma umarni ne na masu bincike, ba a neman ra'ayin dangi a kansa.

Abin da ake tambayarka a kai shi ne dashe: a cire ƙoda ko hanta ko zuciya ko huhu daga wanda ya rasu a saka wa marar lafiyar da ke jira. An fara dashen ƙoda a Saudiyya a 1979 a Riyad, kuma a 1982 Majalisar Manyan Malamai ta fitar da fatawar halatta ɗaukar gaɓa daga rayayye ko mamaci idan akwai larura. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta tabbatar da haka a zamanta na Jidda a 1988, bisa sharaɗin izinin mamaci ko na magadansa, ta kuma haramta sayar da kowace gaɓa. A watan Mayun 2021 Sarki Salman da Yarima mai jiran gado sun yi rajista da kansu domin ƙarfafa wa jama'a gwiwa. Duk da haka, manyan malamai irin su Shaihu Bin Baz da Shaihu Usaimin ba su yarda a cire gaɓar mamaci ba, domin a ganinsu jiki amana ne, ba mallakar mutum ba balle ya yi kyauta da shi. Wanda ya bi wannan fahimta bai yi laifi ba, kuma dokar ƙasar ta 2021 ta hana a cire gaɓa daga gawar wanda ya bar wasiyyar cewa bai yarda ba.

Ni dai zuciyata ta fi karkata ga halaccin. Duk wanda ya taɓa raka ɗan'uwansa wankin ƙoda sau uku a mako, ya ga yadda ake ɗaura shi a kan na'ura sa'o'i huɗu, ya ga ana auna masa ruwan sha da ƙaramin kofi, zai gane girman abin da ƙoda ɗaya take yi wa gida guda. A Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ana dashen ƙoda tun 2002, amma daga ɗan'uwa mai rai ake ɗauka, shi ya sa ɗaukar gaɓa daga mamaci yake zo mana a matsayin baƙon abu.

Wurin da ya fi wuyar fahimta shi ne mutuwar ƙwaƙwalwa. Galibin gaɓoɓin da ake dasawa ana samun su ne daga wanda ya yi haɗarin mota ko jini ya ɓalle masa a kai, ƙwaƙwalwarsa ta daina aiki kwata-kwata, amma na'urar numfashi tana ci gaba da hura masa iska. Idan ka shiga ɗakin kulawa ta musamman za ka ga ƙirjinsa yana ɗagawa yana sauka, ka taɓa hannunsa ka ji ɗumi, sai likita ya ce maka ya rasu. Wannan ba dogon suma ba ne, wanda ake iya farfaɗowa daga gare shi. Ba a yanke hukuncin sai likitoci biyu waɗanda ba sa cikin masu dashe sun gwada shi, an bar tazara an sake gwaji, an kuma yi awon ƙwaƙwalwa da na'ura. Malamai ma sun saɓa a nan: zaman Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi a Amman a 1986 ya ɗauke ta a matsayin mutuwa ta shari'a, ita kuwa majalisar Makka ta ce ana iya cire na'urar, amma hukuncin mutuwa ba ya hawa sai zuciya ta tsaya.

A daidai wannan lokaci ne jami'an Cibiyar Dashen Sassan Jiki ta Saudiyya suke neman dangi, kuma ga baƙo, dangin suna can gida. Kafili, wato ubangidan da ya ɗauki nauyin zamanka, ba magaji ba ne, abokin ɗaki ma haka, don haka waya za a buga. Ka ƙaddara mahaifiya a ƙauye, wadda ba ta gama jin cewa ɗanta ya yi haɗari ba, sai ga tafinta yana tambayarta ko ta yarda a cire zuciyarsa. Ko ta ce e ko ta ce a'a, za ta rayu tana tunanin ko ta zalunce shi, in dai bai taɓa gaya mata abin da yake so ba. A ganina wannan nauyi ne da bai kamata ɗa ya bar wa uwa ba.

Don haka ka zauna da malamin da ka amince da iliminsa, ka yanke shawara tun kana da lafiya. Idan ka yarda, ka yi rajistar da hannunka, kada ka bar mai gyaran waya ko wakilin kamfani ya danna maka, kuma ka sani cewa kana iya janyewa duk lokacin da ka so. Idan ba ka yarda ba, ka rubuta haka a wasiyyarka da shaidu. Sannan ka kira Baba ko Yaya ko maiɗakinka ka faɗa musu da bakinka. Duk wanda kuma ya zo maka da maganar sayen ƙoda, ka guje shi, domin laifi ne mai ɗauri da tara mai yawa.

A cikin wasiyyar ka haɗa da inda kake so a binne ka, a nan ko a gida, domin gawar baƙo tana iya yin makonni a ɗakin ajiye gawa ana jiran takardar asibiti da ta 'yan sanda da amincewar ofishin jakadanci a Riyad ko ƙaramin ofishin da ke Jidda. Ka ambaci sunan wani amintacce da ke zaune a ƙasar da cikakkiyar igama, wanda magadanka za su iya wakiltawa a rubuce, ka kuma ba shi lambar wayar mutum biyu daga gida waɗanda suka san abin da ka zaɓa.