Yadda Za Ki Kula Da Bakteriya Masu Kare Fatarki A Hunturun Jos

Sanyin Jos na Disamba da Janairu ba ya raga wa fata: diddige ya yi faso, leɓe ya tsage, ƙwauri ya yi fari fat. Amma ba iska kaɗai ke da laifi ba. A saman fata akwai bakteriya masu amfani, irin su Staphylococcus epidermidis, waɗanda ke hana masu cutarwa samun wurin zama. Fata mai ɗan tsami masu amfanin suke so, wadda ma'aunin tsaminta, wato pH, ke wajen 5, shi kuwa sabulun wanka na sanda yakan kai 9 zuwa 10, wato yana rage wa fata wannan tsamin.

Saboda haka daga wanka za ki fara gyara. Ki sirka ruwa ya zama ɗumi, ki daina dirzar jiki da soso mai kaushi, ki ajiye sabulun kashe ƙwayoyin cuta sai in likita ne ya rubuta miki. Wannan matakin ya fi duk wani mai da za ki saya.

Na biyu, in kin shiga kasuwar Terminus sayen man shafawa, juya kwalbar ki karanta bayanta. Nemi Lactobacillus ferment, Bifida ferment lysate ko Vitreoscilla ferment, wato sinadaran da ake samowa daga bakteriya. Galibinsu ba rayayyun bakteriya ba ne, ɓurɓushinsu ne da abin da suka samar, domin sinadarin da ke hana mai lalacewa ba ya barin su da rai. Inulin kuma abinci ne ga bakteriyar da ke jikinki. Ki duba lambar NAFDAC. In kin ga hydroquinone ko clobetasol, man bilicin ne, ki mayar da shi. Abin yana damuna ganin 'yan mata suna haɗa shi da man gyaran fata, alhali clobetasol sirantar da fata yake yi.

Kafin ki shafa a fuska, ɗiga kaɗan a cikin damtse na 'yan kwanaki. In ba ƙaiƙayi ko ja, sai ki riƙa shafawa bayan wanka tun jiki da danshi, ki bi da man kaɗanya ko mai ɗauke da ceramide, wani maiƙo da fata ke da shi, don ya riƙe ruwan.

Ki ba shi kamar mako 4, kar ki canza mai a tsakani. Kindirmo kuwa, ko da yake akwai bakteriya a cikinsa, na sha ne, ba na fuska ba. Fatar da ke tsagewa tana fitar da ruwa ko mugunya, a kai ta wurin likitan fata a JUTH, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos.