Ɗan lantarkin da ƙafafun amfilifaya ke ja

A shagona na Ƙofar Ƙaura, wannan nake fara koya wa yara. Ƙafa ta 2 da ta 3 na ƙaramar amfilifayar nan LM741, wato ƙafafun da sigina ke shiga, kullum suna jan ɗan lantarki, wajen nanoamfiya 80. In ya ratsa rasista mai megaom 1, ya zama milibolt 80, wanda kuskure ne, amfilifaya kuma ta ninka shi.

Don rage kuskuren, lissafa ƙimar rasistoci biyun da ake haɗawa da ƙafa ta 2 kamar an haɗa su gefe da gefe, ka sa rasista mai wannan ƙimar daga ƙafa ta 3 zuwa ƙasa, wato layin giraun na da'irar. Ko da kafasita ce a gaban ƙafa ta 3, sai ka ba ta wannan hanyar, in ba haka ba sauti ya ɗauke.

Ni amfilifayar TL071 na fi so, jan nata kaɗan ne ƙwarai. Sai dai yana ninkuwa duk ƙarin zafin digiri 10 na Salsiyos, don haka nisanta ta da zafin taransifoma.