Yadda Ake Haɗa Shafukan Adana Kan Sarki a Gida

Ka nemi takarda A4 mai kauri, giram 160 zuwa 200 a kowace murabba'in mita, marar sinadarin asid. Takardar buga rubutu mai giram 80 lanƙwashewa take yi, mai asid kuma takan rina kan sarki ya koma ruwan ƙasa.

1. Bar santimita 3 a gefen hagu saboda hudar da za a haɗa shafukan cikin kundi.

2. Auna kowane kan sarki, ka zana masa gida da ya fi shi da milimita 2 ta kowane ɓangare. A ƙarƙashi rubuta ƙasa, shekara da farashi. Fuska ɗaya kawai ake amfani da ita, domin in shafuka biyu suka fuskanci juna, haƙoran gefen kan sarki sukan sarƙe su yage.

3. Liƙawa ce ke buƙatar natsuwa. Ɗauki kan sarkin da hantsaki mai faɗin baki, maiƙon yatsa na barin tabo. Wanda aka riga aka buga wa hatimi, ɗan siririn maliƙi na takarda ya ishe shi, a jiƙa shi kaɗan ƙwarai. Sabo mai gam a baya kuwa sai aljihun roba irin na Hawid ko Showgard. Salatif kam, ko kusa! Gam ɗinsa yana ratsa takarda, tabon ba ya fita.

4. Jera kundin a tsaye, kada a ɗora wani kan wani, nauyi da laima na manne gam da shafi. Guji ledar PVC. Da damina ka sa ƙunshin silika mai shanye laima a cikin kabad, nesa da bango da hasken rana.