Kurakuran da ke ɓata makaroni da ciz, don Allah a gyara

Na gaji wallahi da jin ana cewa wai makaroni da ciz (wato cukun Turawa) abincin banza ne, Turawa kawai ke iya cinsa. Abincin nan ba shi da laifi, hannun da ya dafa shi ne da laifi. Kullum kuskure iri ɗaya 'yan koyo suke maimaitawa, a sayi ciz da tsadarsa a zo a lalata shi a tukunya sannan a ce ba daɗi.

Babban kuskure, wanda ya fi ƙona min rai, shi ne zuba ciz a tukunyar haɗin madara tana kan wuta tana tafasa. Haba! Ciz ba nama ba ne da za ki ce sai ya dahu, narkewa kawai ake so ya yi. In zafi ya yi masa yawa man cikinsa ke fita ya taso sama, sauran kuma ya dunƙule ya koma tsaki-tsaki, ki ɗanɗana ki ji yana miki gari-gari a harshe. Ni wannan abun ya taɓa cinye min ciz mai tsadar gaske ranar da dangin maigida za su zo, na bar gas a buɗe ina ta juyawa ina ganin kamar kauri zai ƙara, kafin in ankara mai ya kwanta a sama rawaya shar, ƙasa kuma duk gudaji. Na ƙara madara, na juya har hannuna ya gaji, bai dawo ba, ƙarshe shinkafa na ɗora a gurguje raina a ɓace. Tun ranar dokata ɗaya ce: a sauke tukunya tukuna, ta ɗan huce kamar minti ɗaya, sannan a riƙa barbaɗa ciz ɗin kaɗan-kaɗan, wannan ya narke a ƙara wani. Masu girki da gawayi ku kuka fi buƙatar jin wannan tunda ba a rage wutar gawayi yadda ake rage gas, ki sauke ta ƙasa gaba ɗaya. In kuma ya riga ya fara tsinkewa ki yi maza ki sa ɗan madarar gwangwani da yanka ɗaya ko biyu na ciz ɗin nan na leda da ake sa wa burodi, akwai wani sinadari a cikinsa da ke haɗa mai da ruwa, sau da yawa yana ceto. In ya yi nisa kuma sai haƙuri.

Sai irin ciz ɗin da ake saya. Ceda ake nema, wanda asalinsa daga wani ƙauye ne mai wannan suna a Ingila, shi ke da ɗanɗano kuma yana narkewa lafiya. Mozarela jan zare kawai ya iya, kyau a hoto, a baki salam, in za ki sa ki haɗa shi da ceda kar ya wuce kashi ɗaya cikin uku. Kuma ki sayi dunƙule ki goga da kanki da magogi, wanda ake sayarwa a goge ana barbaɗa masa sitaci don kar ya manne a leda, ni dai ban taɓa jin daɗin narkewarsa ba. Wasu kuma don sauƙi sai su ce bari su sa cukun Nijar ko wara ta Fulani. Duk biyun ina son su, amma ba sa narkewa, shi ya sa ma ake iya soya wara a mai ta fito a yadda take. In kina so ki soya ta ki yayyanka a sama, wannan daban.

Na uku da nake son mu daɗe a kai shi ne haɗin fulawa da bota, nan ne ake gane wadda ta nutsu da wadda take sauri. Na ga masu kwaɓa fulawa a madara su juye lokaci ɗaya, na ga masu tsallake ta gaba ɗaya wai ai ciz zai yi kaurin. Ba zai yi ba 'yar uwa. Ga yadda nake yi wa leda ɗaya ta makaroni mai giram 500: bota cokali 4 na cin abinci ta narke a wuta kaɗan, fulawa cokali 4, a juya minti 2 har warin ɗanyen gari ya tafi amma kar ta yi ja. Sannan madara kusan lita ɗaya, kuma don girman Allah kar a juye ta duka, ludayi ɗaya a juya da maburgi ya haɗe, a ƙara wani, haka har ta ƙare. Duk wadda ta iya talgen tuwo ba gudaji ta san wannan aikin, hannu ba ya tsayawa. In ya yi kaurin da zai kama bayan cokali shi kenan, sai a sauke a sa ciz kamar giram 350 zuwa 400. Masu sa ɗan ƙanƙanin ciz su cika fulawa don ya yi auki, abin da kuke ci kunun fulawa ne, gara ki dafa rabin leda ya yi daɗi.

Madarar gari tana yi in kin dama ta da kyau, ta ruwa ta gwangwani ma ta fi santsi, ki ɗan sirka da ruwa. Amma ki duba gwangwanin, mai sukarin nan mai danƙo ta shayi ce, kar ta kusanci tukunyar nan.

Makaronin kansa kuma a daina dafa shi har ya caɓe. Zai ci gaba da shan ruwa a cikin haɗin, balle in za a gasa, don haka ki tsame shi saura kamar minti 2 ya nuna, da ɗan tauri in kin ciza. Ki sa gishiri a ruwan dahuwa, kar ki sa mai, kar ki wanke shi da ruwan sanyi kamar yadda muka saba yi wa taliya, sitacin jikinsa ne ke kama haɗin. Ni har kofi ɗaya na ruwan dahuwar nake ajiyewa in ya yi kauri da yawa in sassauta da shi.

Gishiri da magi kuma a yi hankali, ciz da gishirinsa yake zuwa, sai ya narke ki ɗanɗana kafin ki ƙara komai. Masoro da ɗan tafarnuwa sun isa, ni ina sa attarugu rabi don bakinmu ya saba da yaji, amma kori da tayim ban yarda da su a nan ba ko kaɗan.

In za ki gasa ki bar haɗin da ɗan ruwa-ruwa fiye da yadda kike so, wutar oven digiri 180 na Celsius, minti 20 ya isa, sama ta yi ja ki fitar. Masu barinsa kusan awa ɗaya su ne ke yanka shi da wuƙa a bushe. Wanda ya kwana a firij kuma kar a ɗumama shi haka nan, a yayyafa madara a sa a wuta kaɗan ana juyawa, in ba haka ba man zai sake fita ki koma gidan jiya.