Yadda ake cin moriyar kwana biyu a Kanazawa ta ƙasar Japan

Yawancin waɗanda taro ko kwas ya kai Japan, idan kwana biyu ya rage musu kafin jirgin komawa, Kyoto suke nufa. Can kuwa layi ne a ƙofar kowane wuri, layi a tashar bas, mutum ya dawo da waya cike da hotuna bai zauna a ɗakin kowa ba. Ni Kanazawa nake tura mutane, babban birnin jihar Ishikawa, a gaɓar Tekun Japan. Bama-baman yaƙin duniya na biyu ba su faɗa wa garin ba, shi ya sa tsofaffin unguwanninsa na gidajen katako da katangun laka suke nan tsaye har yau.

Fara da tikiti. Tun 2015 jirgin ƙasa mai gudu, shinkansen, yake zuwa kai tsaye daga Tokyo. Wanda ake kira Kagayaki awa biyu da rabi yake yi, amma duk kujerunsa sai an kama kafin a shiga. Kada wani ya ruɗe ka da katin JR Pass na mako guda, wanda baƙi ke saya su yi ta hawa jiragen ƙasa: a Oktoban 2023 ya koma yen 50,000, alhali zuwa da dawowa Kanazawa wajen yen 30,000 ne. Kana sauka ka kulle babban akwatinka a ma'ajiyar tasha, ka sayi lema a kanti mafi kusa. Mutanen garin da kansu suna cewa ko ka manta da abincin ranarka, kada ka manta da lema.

Abincin rana a kasuwar Omicho, wadda ta haura shekara 300 tana ci. Kifi ne sana'ar garin, wannan kuma sauƙi ne ga Musulmi. Nemi kaisendon, shinkafa da ɗanyen kifi a kai, ko gasasshen kifi da gishiri idan ɗanyen ya gagare ka. Inda ake faɗawa shi ne miya da romo: ana yawan zuba mirin da sake, duka biyun giyar shinkafa ce, romon taliyar ramen kuma sau da yawa na alade ne. Ka sa a rubuta maka da Japananci abin da ba ka ci, ka riƙa nunawa. Kada ka ci kana tafiya, kada kuma ka bar wa mai hidima tukuici, domin zai biyo ka da kuɗin.

Daga nan sai Higashi Chaya, unguwar gidajen shayi da aka kafa a 1820. A nan ne nake ganin mutanenmu suna asarar tafiyar gaba ɗaya. Su tsaya a titi su ɗauki hoto, su sayi askirim mai lulluɓin zinare, su juya. Zinaren ba shi da ɗanɗano, kuɗinka kawai ya tafi. Abin da ya kawo ka yana cikin gida. Shiga gidan Shima, ka zaga ɗakunan, sannan ka biya a ba ka shayin matcha, wanda ake damawa da garin koren ganyen shayi, ka zauna.

Tun daga otal ake shirya wannan zama. Sa safa mai tsabta wadda ba ta huje ba. Turare kuma ka haƙura da shi ranar nan, ko da ka saba ba ka fita sai da shi. Ɗakin ƙarami ne, ƙanshin shayin kuma shi ake so a ji. A bakin ƙofa akwai daɓe na ƙasa da dandamali na sama. Ka zare ƙafarka daga takalmi ka ɗora ta kai tsaye a kan dandamalin. Kuskuren da aka fi yi shi ne mutum ya cire takalmi ya tsaya da safa a daɓen ƙasa, sannan ya hau: a wurinsu ya kwaso dattin titi ke nan ya shigo da shi. Juya takalmanka su fuskanci waje. A kan tabarmar tatami ba a sa silifa, ba a kuma taka ƙyallen da aka yi wa gefenta, tsallakewa ake yi. Idan ka shiga banɗaki za ka tarar da silifa na musamman. A can ake barin sa.

Zaman kamar na tahiya ne, gwiwa a ƙasa, ka zauna kan dugaduganka, don haka mu bai cika ba mu wahala ba. Za a fara ajiye maka alewar wake da sukari. Cinye ta duka kafin shayin ya zo. Da yawa suna ajiye ta su haɗa da shayin, sai ɗacin ya buge su, su yatsine fuska a gaban mai gida. Zaƙin da ya rage a baki shi ke tarbar ɗacin. Cire zobe da agogo, domin wasu kwanukan tsofaffi ne masu daraja. Ɗauki kwanon da hannun dama, ɗora a tafin hagu, ka ɗan rusuna. Mai gida ya juyo maka fuskar kwanon mafi kyau don girmamawa, kai kuma sai ka ɗan juya shi sau biyu don kada bakinka ya taɓa wajen. Shanye a kurɓi uku ko huɗu, goge bakin kwanon da yatsa, mayar da fuskarsa yadda take. Kada ka tashi nan take. Duba kwanon, duba rubutun da aka rataye a bango da furen da ke ƙasansa, an zaɓe su ne saboda yanayin da ake ciki. Wayarka ta zauna a aljihu sai ka nemi izini.

Kashegari bayan sallar asuba kada ka koma barci. Lambun Kenrokuen, wanda iyalan Maeda masu mulkin yankin suka gina, ɗaya ne daga manyan lambuna uku na Japan, kuma da sassafe ana shiga kyauta ta wasu ƙofofi, a fita kafin lokacin buɗewa na yau da kullum. Ba don kuɗin ba, don kuɗin shigar ƙalilan ne; a wannan lokacin ne babu ayarin masu yawon buɗe ido. Idan daga Nuwamba ne zuwa ƙarshen sanyi, za ka ga an ɗaure rassan itatuwa da igiyoyi daga dogayen sanduna don kada nauyin dusar ƙanƙara ya karya su.

Sauran ranar ka raba yadda ka ga dama. Unguwar Nagamachi ta samurai, mayaƙan Japan na da, da gidan iyalan Nomura da ɗan lambunsa, awa ɗaya ta isa. Wurin ibada na Myoryuji mai ɓoyayyun matakala da ƙofofi sai an kama wuri ta waya, don haka ka roƙi ma'aikacin otal ya kira maka tun ranar da ka sauka. Kusan duk ganyen zinaren Japan a garin nan ake bugawa, kuma shaguna da dama suna koya wa baƙo ya liƙa shi da hannunsa a kan faranti ko tsinken cin abinci. Wannan ya fi kowace tsaraba ta tasha. Gidajen tarihi da yawa a rufe suke ranar Litinin. Idan Juma'a ta same ka, akwai masallaci ta wajen Jami'ar Kanazawa, amma da ɗan nisa daga tsakiyar gari, ka ware lokacin bas.