Yadda Ake Motsa Jiki Lokacin Rage Ƙiba da Abinci Mai Yawan Furotin

Duk wanda ya rage tuwo da shinkafa da burodi, ya koma ƙwai da kifi da wake da nama don ya sauke teɓa, abu biyu ne ke raguwa a jikinsa: kitse da tsoka. Sikeli kuwa ba ruwansa da wanne ne ya tafi, lamba kawai yake nunawa. Idan mutum ya rage ci kuma ya ci gaba da zama, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyin da ya sauke ba kitse ba ne, tsoka ce da ruwan da ke tare da ita. Yawan furotin yana rage wannan asara, amma shi kaɗai ba ya hana ta, domin jikin da ke cikin ƙarancin abinci ba ya ɓata ƙarfinsa wajen riƙe tsokar da ba a sa ta aiki. Furotin kamar bulo ne da aka sauke a fili; sai magini ya zo ake ganin gini, kuma maginin a nan shi ne aikin ƙarfi, wato motsa jikin da ke sa tsoka ɗaukar nauyi. Saboda haka tsarin da ke ƙasa ya fi ba ɗaga nauyi muhimmanci a kan gudu, ko da yake yawancin masu rage ƙiba gudun suke fara tunani.

Fara da lissafin furotin

Mai motsa jiki kuma yana rage ƙiba yana bukatar kimanin giram 1.6 na furotin a kowane kilo na nauyinsa a rana. Idan ƙibar ta yi yawa, a yi lissafin da nauyin da ake son kaiwa, ba wanda ake da shi yanzu ba. Mai kilo 95 da ke neman komawa 80 zai ninka 80 da 1.6, ya samu giram 128. Kada a tara wannan a abincin dare kaɗai. A raba shi gida uku ko huɗu, kowane ci giram 25 zuwa 40.

Ƙwai ɗaya yana da kimanin giram 6. Kofi ɗaya na madara ko kindirmo, giram 8. Kofin dafaffen wake, giram 13. Giram 100 na dafaffiyar tsokar ƙirjin kaza, wato kusan faɗin tafin hannu, giram 30. Na jan nama marar kitse ko na ƙarfasa, giram 25 ko ɗan fiye. Da ƙwai uku da kindirmo da safe, wake da kifi da rana, kaza da ganye da dare, da awara a tsakani, an kai lissafin ba tare da an sayi gwangwanin garin furotin mai tsada ba.

Inda ake tafka kuskure shi ne man da ke biyo furotin ɗin. Cokalin cin abinci ɗaya na man gyaɗa ko manja yana da kalori kusan 120, kalori kuwa shi ne ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki. Awarar da aka soya ta sha mai, ƙosai, tsiren da aka yarfa wa mai a kan ƙuli, balangu mai kitse, duk suna da furotin, amma suna iya shafe giɓin kalori 500 da ake nema a rana tsakanin abin da aka ci da abin da jiki ya ƙona. A gasa awarar, a zaɓi alale maimakon ƙosai, a ce wa mai nama ya yanko tsoka zalla. Gyaɗa ma haka: giram 100 na da furotin 25, amma kalorinta ya haura 550.

Makonni biyun farko

Jiki yana ajiye sukari a hanta da tsoka, abin da ake kira gilaikojin, kimanin giram 400 zuwa 500, kuma kowane giram yana riƙe da ruwa kusan giram 3. Da zarar an yanke sitaci, wannan ajiya ce ke fara ƙarewa, ruwan ya bi fitsari tare da gishiri. Shi ya sa a makon farko sikeli ke sauka da kilo 2 ko 3 mutum ya yi ta murna, shi ya sa kuma ƙafafu ke nauyi, kai ya yi ciwo, hawa bene ya zama aiki. Wannan ba lokacin gwada jarumta ba ne. Tsare-tsaren da suka shahara a ƙasashen waje sun san da haka: na Robert Atkins ɗan Amurka ya taƙaita sitaci da sukari zuwa giram 20 a rana a matakin farko, shi kuwa na Bafaranshe Pierre Dukan tafiyar minti 20 kawai ya ɗora wa mai bi a kwanakin farko, sai minti 30 a mataki na biyu.

A waɗannan makonni a tsaya ga tafiyar minti 20 zuwa 30 kullum, da aikin ƙarfi sau biyu a mako ba tare da nauyi ba, don jiki ya koyi motsin. Mai ƙwallo ko gudu ya rage zuwa rabin abin da ya saba.

Aikin ƙarfi

Bayan makonni biyun farko, kwana uku a mako ya isa, da hutun kwana ɗaya a tsakani, misali Asabar, Litinin da Laraba. Minti 35 zuwa 45 ne kowane zama. Ba sai an je gidan motsa jiki ba. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, don haka jarka mai lita 10 nauyi ce mai kilo 10, kuma ana iya ƙara ruwa ko a rage yadda ake so. Jakar makaranta da aka zuba wa ledojin yashi ma tana aiki. Kafin a fara, a yi minti biyar ana tafiya da sauri da juya kafaɗu da ƙugu har jiki ya ɗumama.

Na farko, tsugunawa da miƙewa. Ka ware ƙafafu daidai faɗin kafaɗa, ka rungume jarka a ƙirji, ka tura ƙugu baya kamar za ka zauna a kujera, har cinya ta yi daidai da gwiwa, sannan ka tura ƙasa da diddige ka miƙe. Abin da ke ɓata shi biyu ne: diddige ya ɗaga, ko gwiwoyi su karkato ciki suna neman haɗuwa. Duka biyun suna jefa nauyi a kan gwiwa. Mai ƙiba sosai ko mai ciwon gwiwa ya sa kujera a bayansa, ya zauna ya tashi ba tare da dafa komai ba.

Na biyu, ɗaga jarka daga ƙasa. Wannan ne ya fi amfani ga bayan cinya da ɗuwawu da gadon baya, shi ne kuma ya fi jawo ciwon baya idan aka yi shi da ganganci. Jarkar ta kasance tsakanin ƙafafu, ba can gaba ba. Ka ɗan lanƙwasa gwiwa, ka karya daga ƙugu, bayanka a miƙe sambal, ka ja numfashi ka ƙarfafa ciki, sannan ka miƙe da ita tana gogar ƙafa. Da ka ji baya ya fara gantsarewa ko ya yi doro, nauyin ya fi ƙarfinka, ka zubar da lita biyu ko uku.

Na uku, tura jiki da hannu. Wanda bai iya yi a ƙasa ba ya dafa bango, bayan mako biyu ya koma dafa tebur mai ƙarfi ko dakali, daga nan ya sauka ƙasa. Jiki ya zama a layi ɗaya daga kai zuwa diddige, gwiwar hannu kuma kada ta buɗe kamar fiffike, ta ɗan matso haƙarƙari.

Na huɗu, jan nauyi zuwa ƙugu. Ka dafa kujera da hannu ɗaya, ka sunkuya, ka ja jarka mai lita 5 da ɗaya hannun zuwa gefen ciki, ka sauke a hankali. A ƙare da ɗaukar jarka biyu, ɗaya a kowane hannu, a yi taku 40 a tsaye ƙyam.

Kowanne a yi shi sau 8 zuwa 12, a huta minti ɗaya ko ɗaya da rabi, a maimaita har zagaye uku. Nauyin da ya dace shi ne wanda idan ka tsaya kana jin sau biyu kawai ya rage maka. Idan ka kai 12 a duk zagayen uku har zama biyu a jere, ƙara kilo 1 ko 2. Wannan ƙari shi ne ruhin aikin. Wanda ya shekara yana ɗaga nauyi ɗaya, jikinsa ya daɗe da daina amsawa. A rubuta lambobin a ɗan littafi, domin su ne za su nuna ko tsoka tana nan: idan nauyin jiki yana sauka amma abin da kake ɗagawa bai ragu ba, kitse ne ke tafiya.

Mata da yawa suna gudun ɗaga nauyi don kada jikinsu ya murɗe irin na maza. Hakan ba ya faruwa da jarka da ƙarancin kalori. Abin da ke faruwa shi ne jiki ya ɗaure maimakon ya saki bayan an rame, ƙashi kuma ya ƙara ƙwari, wanda yake da muhimmanci musamman bayan ɗaukewar al'ada.

Tafiya da gudu

Hukumar Lafiya ta Duniya a ƙa'idojinta na 2020 ta ce baligi ya samu minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsi a mako, da aikin ƙarfi aƙalla kwana biyu. Matsakaici na nufin kana iya magana amma ba ka iya rera waƙa. Tafiyar sauri ta minti 30 tana ƙona kalori kusan 150 ga mai kilo 80, alhali kwalbar lemo mai santilita 50 ta kai kalori 200. Kada a yi tafiya sannan a saka wa kai da lemo. Gudu mai tsanani ya fi dogaro da gilaikojin, wanda shi ne ya yi ƙaranci, don haka a bar shi sai bayan wata ɗaya, kuma sau ɗaya ko biyu a mako.

Abin da za a ci kafin aiki da bayansa

Yanke sitaci gaba ɗaya ba dole ba ne, kuma ga mai ɗaga nauyi ba dabara ba ce. A ajiye ɗan sitacin da aka yarje wa kai a kusa da lokacin motsa jiki. Ayaba ɗaya, ko ƙananan dabino huɗu zuwa biyar, ko ƙaramin dafaffen dankalin Hausa, minti 45 kafin farawa, suna ba da giram 25 na sitaci da sukari ko makamancin haka, kuma bambancin a fili yake a zagaye na uku. Nama ko wake kafin aiki kai tsaye yana zama a ciki ya kawo tashin zuciya, a ba shi awa biyu zuwa uku. Bayan an gama, a ci furotin giram 25 zuwa 30 cikin awa biyu. Ba sai an yi rige-rige da agogo ba, jimlar yini ce ta fi tasiri.

Mai azumi ya yi tafiya mai sauƙi daf da shan ruwa, aikin ƙarfi kuma ya bari sai bayan tarawihi, ya tabbata sahur ɗinsa akwai ƙwai ko kindirmo ko wake.

Abin da ke lalacewa, da dalilinsa

Ruwa ne kan gaba. Furotin yana barin dattin da ƙoda ke fitarwa ta fitsari, ga zufa, ga ruwan da rage sitaci ya kora. A sha lita 2.5 zuwa 3 a rana, wato ledar ruwa biyar zuwa shida, a ƙara a watannin bazara, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a Kano ko Sakkwato ko Maraɗi. A irin wannan lokaci a yi aikin bayan sallar asuba ko bayan la'asar sakaliya. Fitsari mai duhu alama ce ta ƙarancin ruwa. Jiri idan an miƙe, ko jijiyar ƙafa ta ɗaure da dare, yawanci ruwa da gishiri ne suka yi ƙasa. Romon kifi ko na kaza yana gyarawa. Mai hawan jini kada ya ƙara gishiri da kansa.

Taurin bayan gida kusan kowa yana haɗuwa da shi, saboda nama da ƙwai ba su da harza ko kaɗan, wato zaren da ke cikin ganye da wake. Kwaɗon zogale ko na rama da ƙuli kaɗan, miyar kuɓewa, alayyafo, kabeji da wake su ne maganinsa, kuma a riƙa cinsu kullum, ba sai ciki ya cushe ba.

Idan ƙarfi yana raguwa mako biyu a jere, barci ya lalace, rai yana saurin ɓaci, to abincin ya yi kaɗan. Saurin da ya dace shi ne rabin kilo zuwa kilo ɗaya a mako. Abin da ya wuce haka bayan makonnin farko, akwai tsoka a ciki. A ƙara kalori 200 a rana, a kuma nemi barcin awa bakwai. Idan kuma sikeli ne ya tsaya cak bayan an fara ɗaga nauyi, kada a ƙara matse ci. Tsokar da ta sha aiki tana riƙe ruwa na kwanaki. A auna ƙugu da tef ɗin tela daidai cibiya, sau ɗaya a mako, da safe kafin a ci komai. Sai an yi mako uku tef da sikeli duka ba su motsa ba sannan a taɓa abinci.

Akwai waɗanda wannan tsari bai kamata su shiga da kansu ba. Mai ciwon ƙoda yawan furotin yana ƙara wa ƙodarsa nauyi. Mai ciwon suga da ke allurar insulin ko shan ƙwayar rage sukari ta gilibenkilamaid, idan ya haɗa rage sitaci da motsa jiki, sukarinsa na iya faɗuwa har ya suma, don haka likita ne zai fara daidaita maganin, shi kuma ya riƙa yawo da dabino a aljihu. Mai juna biyu, mai shayarwa, mai ciwon zuciya, da mai ciwon gaɓɓai na gawut da jan nama da kayan ciki ke tayarwa, su ma su fara da asibiti. Duk wanda ya ji ciwon ƙirji, ko numfashi ya sarƙe fiye da kima, ko idanu suka yi duhu yana tsakiyar aiki, ya ajiye jarkar nan take ya nemi likita a ranar.