Yadda ake ciro abu daga jerin da ke cikin wani jeri a Python

Ɗalibai da dama a nan Maradi, ko na Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ko masu koyo da kansu a waya, sun iya jeri guda. Da an sa jeri cikin jeri sai kai ya ɗaure musu. Abin kuwa ba wuya, muddin ka riƙa kwance shi ɗaya bayan ɗaya. Ga misali:

kasuwa = [
    ["Maradi", ["gero", "wake", "gyaɗa"]],
    ["Tasawa", ["dawa", "gero"]],
    ["Dakoro", ["shanu", "awaki"]]
]

Da fari ka tuna Python daga sifili yake fara ƙirga. Na farko 0 ne, na biyu 1. Saboda haka kasuwa[0] zai ba ka layin Maradi gaba ɗayansa, da sunan garin da kayansa.

Sai ka buga print(kasuwa[0]) ka duba da idonka. Kar ka tsallake wannan, ko da kana ganin ka gane. Za ka ga abu biyu ne kawai a ciki, ba huɗu ba: "Maradi" a gurbin 0, sannan ƙunshin kaya a gurbin 1. Nan ne mutane suka fi ɓata, suna ƙirga gero da wake tamkar suna jere da sunan garin, alhali suna ɗaure a nasu ƙullin, kamar leda cikin buhu.

Yanzu ƙara baka ta biyu, wato wata alamar [ ] ɗin. kasuwa[0][1] zai fito da ["gero", "wake", "gyaɗa"]. In gyaɗa kake so, sai ta uku: kasuwa[0][1][2]. Karanta daga hagu zuwa dama, kowace baka tana shiga mataki guda ne cikin abin da ta gabanta ta miƙo.

In ka rubuta kasuwa[1][1][2], kwamfuta za ta ce IndexError, wato babu wannan gurbin, domin kayan Tasawa biyu ne, gurbi na ƙarshe 1 ne. Kafin ka yi ta tsokanar lambobi, tambayi len(kasuwa[1][1]), wanda zai faɗa maka yawan abin da ke cikin jerin. Ko kuma ka yi amfani da -1, wanda kullum na ƙarshe yake kawowa: kasuwa[2][1][-1] zai ba ka "awaki".

Akwai kuskuren da ya fi wannan sharri, don shi ba ya kuka. Rubuta kasuwa[0][0][0] ka gani, "M" zai fito. Python na ɗaukar kalma a matsayin jerin haruffa, sai ya tsinko maka harafin farko na Maradi, shirin ya ci gaba da tafiya da abin da ba shi ka nufa ba. Duk sanda ka ga harafi guda ya fito maka a inda kake jiran kalma, to ka zarce da baka ɗaya.

Kuma kar ka rubuta kasuwa[0, 1] da waƙafi. Wannan salon na NumPy ne, wani ƙarin kayan aikin lissafi na Python. Jerin Python na yau da kullum saƙon kuskure na TypeError zai ba ka.

Idan duk kayan kake son gani, sa madauki cikin madauki, wato umarnin for da ke bin abubuwan jeri ɗaya bayan ɗaya:

for gari, kaya in kasuwa:
    for abu in kaya:
        print(gari, abu)

Canza abu ma da adireshin nan ake yi. In ka rubuta kasuwa[1][1][0] = "riɗi", dawar Tasawa ta zama riɗi, sauran kuma suna nan yadda suke.